Salsalar Kwalara Mai Ƙin Jin Magani: Daga Bengal Zuwa Yammacin Katsina

Bengal, 1817 zuwa 1905

Irin amai da gudawar da ke faɗa wa garuruwan yammacin Katsina idan damina ta yi tsakiya, daga Jibiya zuwa Batsari, Safana da Tsaskiya, baƙo ne a ƙasar nan. Tushensa yana can bakin tekun Bengal, inda kogin Ganges da na Brahmaputra suke zuba cikin teku, yankin da a yau ya rabu tsakanin Indiya da Bangladesh. A cikin ruwan wurin mai ɗumi da ɗan gishiri ƙwayar kwalara ta daɗe tana zaune, tana kama masunta da manoman shinkafa shekara da shekaru.

Mutanen Bengal suna da nasu labarin. Suna cewa wata aljana mai suna Ola Bibi ce take saukar da ciwon, ita ce kuma take janye shi idan an roƙe ta. Wannan faɗar mutane ce, daidai da ta tsofaffinmu da kan ce annoba iska ce mai ratsa gari, da ta likitocin Turai na da, waɗanda suka daɗe suna ɗora laifin a kan wari da gurɓatacciyar iska. Abin da aka rubuta da kwanan wata ya fara ne daga 1817, shekarar da cutar ta ɓarke a Jessore, ta bi rundunonin sojan Ingila da jiragen ruwan fatake ta fita daga Indiya. Daga nan zuwa 1923 sau shida tana zagaya duniya. Ta riski alhazai a Makka a 1831, ta sake komawa a 1865 ta kashe dubbai, masu komawa gida suka kai ta Masar, daga can ta haye Turai.

A 1854 wani likita a Landan, John Snow, ya bi gida-gida yana rubuta inda aka yi rashi a unguwar Soho, sai ya ga gidajen makoki sun kewaye famfo ɗaya ne a titin Broad. Ya sa aka cire hannun famfon. A shekarar ce kuma Filippo Pacini, a birnin Florence na Italiya, ya hangi ƙwayar kanta a hanjin mamata, amma ba wanda ya saurare shi. Sai da Bajamushe Robert Koch ya je Masar a 1883, ya wuce Kalkata, a 1884 ya ware ƙwayar, ya kuma same ta a tafkin da mutane ke sha, sannan aka fara yarda cewa halitta ce mai rai, mitsitsiya, mai ɗan lanƙwasa, wadda ke fita ta bayan gidan mara lafiya ta shiga ruwan shan mai lafiya.

Tsoron abin da ya faru a 1865 ya sa aka kafa sansanonin tsare alhazai a kan hanyarsu ta komawa gida. Ɗaya daga ciki yana garin El Tor, a gaɓar Sinai. A can ne a 1905 likita Felix Gotschlich ya samu wata ƙwaya a hanjin wasu alhazai da suka rasu ba tare da alamar kwalara ba. Ta yi kama da ta Koch, amma ba ita ba ce sak. Aka sa mata sunan garin, aka ɗauka ba ta da wani ƙarfi. Wani reshe na danginta ne ke kashe mutane a Katsina a yau.

Zuwan magani, 1928 zuwa 1971

Alexander Fleming ya gano fenisilin a 1928, aka fara sarrafa shi da yawa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Tun a 1945, sa'ad da yake karɓar lambar yabo ta Nobel, ya yi kashedi cewa wanda ya sha maganin kaɗan, bai kai adadin da zai kashe ƙwayar ba, yana koya mata jurewa ne. Bayan fenisilin sai ga dangin tetarasaikilin a ƙarshen shekarun 1940, wato kakannin kafson nan ja da rawaya da kowane kemis ke sayarwa. A 1964 gwaje-gwajen da aka yi a Daka da Kalkata suka nuna cewa tetarasaikilin yana rage kwanakin gudawar kwalara da yawan ruwan da mara lafiya ke zubarwa da kusan rabi.

A nan akwai abin da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin duk sauran labarin a kansa ya rataya. Abin da ke kashe mai kwalara shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jiki. Mutum na iya tashi lafiya da asuba, kafin magariba idanunsa sun faɗa, fatarsa ta yamutse, muryarsa ta dushe. Abin da ke ceton ransa ruwa ne. A 1968 likitoci a Daka suka tabbatar da cewa ruwan gishiri da suga da aka sha ta baki yana iya maye gurbin ƙarin ruwa ta jijiya ga mafi yawan masu ciwon. A 1971 likita Dilip Mahalanabis ya gwada shi a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon, mutuwa ta sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Kafso mataimaki ne ga wanda ciwon ya yi wa tsanani. Amma kafso ya fi ruwan gishiri kwarjini a idon jama'a, har ma a idon hukumomi, kuma daga nan ɓarnar ta samo hanya.

Gargaɗi na biyu daga Japan ya zo. A 1959 masu bincike a can suka gano cewa ƙwayar atini mai ƙin jin magunguna huɗu tana iya miƙa wannan ƙarfi ga wata ƙwaya ta daban da suka haɗu da ita a hanji. Ke nan jurewa ba sai ta hanyar gado kawai take tafiya ba, ana aronta daga maƙwabci.

Shigowa Afirka ta Yamma, 1961 zuwa 1971

A 1961 El Tor ɗin da aka raina ta ɓarke a tsibirin Sulawesi na Indonesiya. Ta isa Bengal a 1963, Indiya a 1964, Iran da Iraƙi a tsakiyar shekarun 1960. Wannan shi ne zagaye na bakwai, kuma har yau bai ƙare ba. El Tor ta fi tsohuwar ƙwaya daɗewa a ruwa, tana kuma barin mutane da yawa suna yawo da ita ba su san suna ɗauke da komai ba.

A watan Agusta na 1970 ta bayyana a Gini. An daɗe ana cewa ɗaliban ƙasar da suka dawo daga Tarayyar Sobiyet ne suka shigo da ita. Wannan zance ne da ya yaɗu, ba a kafa shi da hujja ba. Abin da ke rubuce shi ne gwamnatin Sékou Touré ta musanta akwai cutar, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sanar da duniya ba da yardarta ba. Cutar ta bi hanya biyu. Ta bi gaɓar teku tare da masunta har ta isa kusa da Legas a watan Disamba na 1970. Ta kuma faɗa Mopti a Mali, ta gangaro ta kogin Kwara zuwa Nijar, ta ratsa arewacin Najeriya zuwa tafkin Chadi. A 1971 Najeriya ta rubuta mutum 22,931 da suka kamu, 2,945 suka rasu. Ƙwayar wancan lokaci tana jin kusan duk maganin da aka ba ta.

Lokacin da magani ya fara kasawa, 1977 zuwa 1996

Darasin farko a Tanzaniya aka ɗauke shi. Da annoba ta tashi a ƙarshen 1977, sai aka shiga raba tetarasaikilin ga mai ciwo da mai lafiya, wai don rigakafi. A watan farko duk ƙwayar da aka gwada tana jin maganin. Bayan wata biyar, kashi 76 cikin ɗari sun daina ji. A 1994, lokacin da 'yan gudun hijirar Ruwanda suka kwarara Goma a gabashin Kwango, kwalara ta kashe dubbai cikin makonni, magungunan da aka kai da farko kuwa ƙwayar ta riga ta fi ƙarfinsu.

A Indiya, a 1992, wata sabuwar kwalara ta fito a Madras. Da aka bincika ta, sai aka samu a cikinta wani yanki na ƙwayoyin gado da aka sa wa suna SXT, wanda ke sa ta jure wa Septrin da wasu magunguna, yana kuma iya tsallakawa daga wata ƙwaya zuwa wata. An bayyana shi a 1996. Daga baya bincike ya nuna cewa El Tor ta riga ta ɗauki irin wannan yanki tun wajen farkon shekarun 1980.

A gida kuwa, 1991 ta zo da annoba mafi muni tun shigowar cutar: mutum 59,478 suka kamu, 7,654 suka rasu. A 1996 Kano ta haɗa uku a lokaci guda, sanƙarau da ƙyanda da kwalara, asibitin cututtuka masu yaɗuwa ya cika har tsakar gida. Binciken da aka yi a lokacin ya danganta kamuwa da shan ruwan da ake saye a titi da kuma cin abinci ba a wanke hannu da sabulu ba. An san ta inda cutar ke shiga baki. Amma ko ƙwayar 1996 jikar ta 1971 ce, ko wata baƙuwa ce dabam, kayan aikin lokacin ba su isa su faɗa ba.

Yadda aka koyi karanta nasabar ƙwaya

Aikin yana farawa ne daga abin da kowa ke ƙyama. Ma'aikacin lafiya zai tsoma ɗan tsinke mai auduga a bayan gidan mara lafiya, ya cusa shi cikin 'yar kwalba mai sinadarin da ke riƙe ƙwayar da ranta, a kai ɗakin gwaje-gwaje. A can za a shafa a kan faranti mai koren abincin ƙwayoyi, a ajiye a ɗumi. Kashegari, in kwalara ce, za a ga ɗigo-ɗigo rawaya sun tsiro. Sai a shafa su a wani farantin, a jera ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna iri-iri a kai. Maganin da ke aiki zai bar fili fayau kewaye da takardarsa. Wanda ya mutu, ƙwayar za ta tsiro har jikin takardar.

Wannan yana gaya wa likita abin da zai rubuta. Bai gaya masa daga ina ƙwayar ta fito ba. Don amsa wannan, an fara da rarrabe ƙwayoyi ta rigarsu ta waje, aka samu manyan kashi biyu, Ogawa da Inaba. Sai dai ƙwaya ɗaya tana iya sauya riga daga wannan zuwa wancan, don haka shaidar ba ta da ƙarfi. Aka koma gwada su da wasu ƙananan halittu masu cin bakteriya, aikin da masana a Kalkata suka yi fice a kai. A shekarun 1980 aka samu dabarar yanka DNA, wato rubutun gadon ƙwayar, gunduwa-gunduwa, a tura gutsattsarin da lantarki, su jeru layi-layi, a gwada layukan wannan ƙwaya da na waccan. A 1998 Martin Maiden da abokan aikinsa suka fito da hanyar karanta wasu 'yan wurare zaɓaɓɓu a cikin DNA a ba kowane iri lamba, kuma da ƙwayar sanƙarau suka fara. A shekarar 2000 aka karanta DNA ɗin kwalara gaba ɗaya, daga farko har ƙarshe: haruffa kusan miliyan 4, dukkansu maimaicin guda huɗu ne, A da C da G da T.

Duk wanda ya zauna a zauren malamai ya san yadda littafi ke yaɗuwa kafin zuwan injin ɗab'i. Ɗalibi ya kwafa daga na malaminsa, wani ya kwafa daga na ɗalibin. In alƙalami ya zame wa mutum ɗaya ya sauya harafi, duk wanda ya ɗauka daga wurinsa zai gaji wannan zamiya, ya kuma ƙara tasa. Mai ido, in aka tara masa kofe ashirin, zai ce wannan daga wancan aka ɗauke shi, waɗannan biyun kuma hannu ɗaya suka fito. Haka ƙwayar cuta take kwafar DNA ɗinta duk lokacin da ta rabu biyu. A zuriyar El Tor, zamiyar da ke zaunawa ba ta wuce kimanin harafi 3 a shekara ba. Saboda haka in ƙwayoyi biyu sun bambanta da haruffa kaɗan, kakarsu ɗaya ce kuma ba ta daɗe ba. Ana ma iya ƙiyasta shekarar da suka rabu. A cikin karatun nan ɗaya ake ganin dalilin ƙin jin magani: ko harafi ne ya sauya a daidai inda maganin ke kamawa, ko kuma an aro babi guda, irin SXT, daga wata ƙwaya.

Daga tafkin Chadi zuwa Haiti, 2009 zuwa 2017

A 2009 annoba ta tashi a arewa maso gabashin Najeriya da arewacin Kamaru. Masu bincike na Cibiyar Pasteur a Faris suka duba ƙwayoyin, suka ga abubuwa biyu da suka tayar musu da hankali. Gubar ƙwayar wani sabon salo ce da aka sani a Indiya. Sannan haruffa sun sauya a wurare biyu, gyrA da parC, abin da ya kashe maganin nalidiksik gaba ɗaya ya kuma rage kaifin sifuro, maganin da mutanenmu ke sha kan kowane ciwon ciki. A 2010 cutar ta mamaye arewa, har da Katsina: mutum 41,787 suka kamu, 1,716 suka rasu.

A watan Oktoba na shekarar, kwalara ta bayyana a Haiti, ƙasar da girgizar ƙasa ta ragargaza a watan Janairu. Mutanen wurin suka nuna sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya da suka zo daga Nepal, wanda ƙazantarsa ke gangarawa cikin wani rafi mai zuba a kogin Artibonite. Majalisar ta musanta. A 2011 aka karanta DNA ɗin ƙwayoyin Nepal aka gwada da na Haiti, bambancin wasunsu bai wuce harafi ɗaya ko biyu ba. Kusan mutum 10,000 suka rasu, sai a watan Disamba na 2016 Babban Sakataren Majalisar, Ban Ki-moon, ya nemi afuwar mutanen Haiti. Tun daga lokacin karatun DNA ya zama shaidar da ko manyan hukumomi ba sa iya turewa.

A 2017 François-Xavier Weill na Cibiyar Pasteur da abokan aikinsa na Cibiyar Sanger a Ingila suka fitar da babban aikin da ya shafe mu. Sun karanta ƙwayoyi 1,070, da suka haɗa da na ƙasashen Afirka 45, waɗanda aka tara cikin shekara 49. Sakamakon ya rushe tunanin da aka daɗe da shi, cewa kwalara tana kwance ne a tafkunanmu tana jiran zafi ko ruwan sama ya tashe ta. Duk manyan annobobin Afirka zuriya ɗaya ce, an kuma shigo da ita nahiyar aƙalla sau 11 tun 1970, ta ƙofa biyu, yamma da gabas. Wani reshen ya yi shekara 28 yana yawo kafin ya ƙare. Shigowa biyar na ƙarshe duk daga Asiya suke, duk masu ƙin jin magunguna da yawa ne, kuma bayan shekarar 2000 sun kore masu jin magani sun gaje wurinsu. Aka ba kowace shigowa lamba. Ta 1970 ita ce T1. Wadda aka gani a 2009 ita ce T12, kuma ita da ta Haiti reshe ɗaya suka fito a kudancin Asiya. Mutane ne ke ɗauke da ita a cikinsu, a jirgi da mota da ƙafa.

Jibiya da Madarumfa, 2018 zuwa 2021

Ranar 5 ga Yuli, 2018, mutum uku 'yan gida ɗaya daga ƙaramar hukumar Jibiya suka tsallaka iyaka neman magani a asibitin N'Yelwa da ke gundumar Madarumfa ta jihar Maradi. A tsakiyar watan gwamnatin Nijar ta sanar da annoba. Zuwa 1 ga Oktoba an rubuta mutum 3,692 da suka kamu, 68 suka rasu, a jihohin Maradi, Tawa, Damagaram da Doso, kuma kashi 14 cikin ɗari na marasa lafiyar mazauna Najeriya ne da suka haye don a duba su. A Najeriya a shekarar waɗanda suka kamu sun haura 40,000.

Ba laifin wannan iyali ba ne, kuma bai kamata a karanta labarin a matsayin Katsina ta kai wa Maradi cuta ba. Tun bayan jihadi, da sarakunan Katsina na Haɓe suka koma arewa suka kafa Maradi, mutanen ɓangarorin biyu jini ɗaya ne, kasuwa ɗaya, aure ɗaya. Mai ciwo yana zuwa inda ya fi kusa ne, inda kuma yake sa ran samun ƙarin ruwa. Abin da ya faru shi ne asibitin N'Yelwa ya gani, ya rubuta, aka ɗauki samfur.

Bayan annobar ta lafa, masana daga Najeriya, Nijar da Kamaru suka haɗu a babban ɗakin gwaje-gwaje na Hukumar Daƙile Cututtuka ta Najeriya, NCDC, a Abuja, kowa da ƙwayoyin ƙasarsa. Akwai mutanen cibiyar CERMES ta Yamai, da na Jami'ar Ibadan inda Farfesa Iruka Okeke ta daɗe tana wannan aiki. Na'urar da suka yi amfani da ita, MinION, ba ta kai girman wayar hannu ba, a jikin kwamfutar tafi-da-gidanka ake maƙala ta. Suka karanta ƙwayoyi 46, mafi yawansu na 2018 da 2019, aka buga sakamakon a 2021. T12 ce dai. Shekara goma ba ta bar yankin ba. Idan ta lafa a nan, tana can tana ci a wani wuri, sai ta sake zagayowa, kuma ƙwayoyin ƙasashen uku sun cakuɗu a reshe ɗaya. A ganina wannan shi ne sakamako mafi nauyi ga mutumin Safana ko Batsari: shekarar da ba a ji labarin amai da gudawa a gari ba, cutar ba ta mutu ba, tana wajen maƙwabta ne.

Sai 2021, wadda ta fi duk na baya yawan masu kamuwa: 111,062, mutum 3,604 suka rasu. Katsina na cikin jihohin da suka fi jigata, tare da Bauchi, Jigawa, Kano da Zamfara. A daidai wannan damina, a watan Satumba, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda 'yan bindiga, har da Jibiya, Batsari da Safana. Garuruwan gefen dajin Rugu irin su Tsaskiya sun riga sun sha hare-hare, mutane sun bar ƙauyuka sun cunkushe a manyan garuruwa, rijiya ɗaya ta koma ta ɗaruruwa, masai bai isa ba. Jami'in da aikinsa shi ne ya buga waya ya ce an ga gudawa a wuri kaza, ya wayi gari ba layi. 'Yar kwalbar samfur kuwa sai ta bi hanyar da direbobi ke tsoro kafin ta isa Katsina, balle Abuja.

A irin wannan hali, kemis ne asibiti. Uba zai zo da abin da ke aljihunsa, a ciro masa ja da rawaya biyu, Flagyl biyu, sifuro ɗaya, a ƙulle a leda. Ban ga laifinsa ba, iya kuɗinsa ke nan, ɗansa kuma yana kwance. Makiyayi ma yana yi wa saniyarsa allurar dangin wannan tetarasaikilin ɗin. Amma wannan shi ne shan magani kaɗan-kaɗan da Fleming ya yi kashedi a kai, ana yin sa kullum a inda ba mai ɗaukar samfur.

Abin da ke tafe

Ba kwalara kaɗai aka bi wa sawu a ƙasar Hausa ba. A wata cibiyar kula da yara masu tamowa a Maradi, binciken da aka buga a 2011 ya samu kashi 31 cikin ɗari na yaran sun iso da ƙwayoyin hanji masu karya manyan alluran asibiti, kuma kusan duk waɗanda aka sake gwadawa cikin masu zuwa ba su da su, sun ɗauka kafin a sallame su. Sunan abin da ke ba su wannan ƙarfi CTX-M-15, yana kuma tsallakawa daga ƙwaya zuwa ƙwaya. A 2016 aka buga karatun ƙwayoyin taifot 128 daga jinin yara a Kano da Abuja. Ba a samu H58 ba, zuriyar da ta addabi Asiya da gabashin Afirka. Namu na yankin nan ne, amma da yawansu sun riga sun daina jin tsofaffin magunguna. Daga 2015 zuwa 2017 Asibitin Murtala na Kano ya shiga binciken BARNARDS kan cutar jini a jarirai, inda aka ga ƙwayar Klebsiella a gaba wajen ɓarna. Wani babban ƙiyasi ya nuna cewa a 2019 ƙin jin magani ya kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowa asara. A lura da inda duk waɗannan samfura suka fito: manyan asibitocin birni da cibiyoyin ƙungiyoyin agaji.

T12 ɗin da aka gwada ta bar mana ƙofa, domin doksisaikilin da azitiromaisin suna kama ta. Amma wata 'yar uwarta, T13, wadda ta tashi daga gabashin Afirka ta haddasa annobar Yaman tun 2016, ta ɗauki sabon yankin gado wajen 2018 wanda ya kashe mata azitiromaisin da manyan allurai. An gan ta a Labanan a 2022, a Kenya a 2023, a Tanzaniya da tsibiran Komoros da Mayotte a 2024, tana jure wa magunguna goma, har da sifuro. Tarihin shigowa 11 ya isa ya nuna cewa nisa ba ya hana ta. In ta iso yammacin Katsina, alamunta ba za su bambanta da na T12 ba ko kaɗan. Faranti da na'urar karatu ne kawai za su rarrabe su.

Najeriya ta yi tsarin yaƙi da ƙin jin magani a 2017, ta sabunta shi a 2024. Jihar Katsina tana da Asibitin Koyarwa na Tarayya, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Tarayya ta Dutsinma wadda ke maƙwabtaka da Safana. Ina kira ga ma'aikatar lafiya ta jiha da waɗannan makarantu da su sa na'urar karanta DNA da ma'aikatanta a cikin jihar, su ajiye kwalaben samfur a asibitocin Batsari, Safana da Jibiya kafin ruwan farko ya sauka, su kuma riƙa musayar labari kai tsaye da takwarorinsu na Maradi da Madarumfa. Kai kuma mai karatu, in gudawa mai kama da ruwan wankin shinkafa ta kama wani a gidanka, ka kaɗa ƙunshi ɗaya na gishiri da suga a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ka fara ba shi tun a gida, ka ci gaba da ba shi a hanya har ku isa asibiti. Ka bar likita ya yanke ko yana bukatar kafso. In kuma ma'aikacin lafiya ya nemi ɗaukar samfurin bayan gida, ka ba shi dama.